Sorin Da Na Ce Miki a Kasuwar Shanu

Ya Hadijatu, sanyin ruwan randata, inuwar tsamiyata da rana tsaka, man shanun da ke kan tuwon rayuwata,

Gaisuwa mai yawa daga Babaji masinjan Bature Di'o, wanda yau kasuwa uku ke nan kin daina amsa sallamarsa.

Na san laifina. Ran nan na shigo kasuwar shanu a kan keken ofis, da jar hular dara da kaki ya sha guga, don kawai ki gan ni. Kin kuwa gan ni, tunda da ƙwaryar nononki na yi karo. Nono ya malale a gaban ƙawayenki, ni kuwa na gyara hula na ce "sori", na taka keke na wuce. Wallahi a lokacin ji nake na burge ki.

Bari ki ji inda na tsinto kalmar nan. Shekara biyu ina tsaye a ƙofar Bature ina sauraronta. In ya taka ƙafar mutum, sori. In bai ji abin da aka faɗa ba, sori. Ranar da ya kori kuku, da sori ya kore shi. Da aka gaya masa uwar mai gadi ta rasu, sorin dai ya ce, ko kai bai ɗaga daga takarda ba. Har karensa ya samu nasa rabon, ran da ya datse masa wutsiya da ƙofa. Sai na ɗauka na sami maganin kowace ɓarna, ba durƙuso, ba sauka daga keke. Ashe abin da aka ba kare na kawo miki, hasken idona!

Yanzu tuwo ba ya wuce mini wuya, fura kuwa in na gani sai ƙwalla. Jiya aka aike ni Damagum, sai da na yi rabin hanyar Fika na tuna. Ina Hadijatun da ta taɓa ƙara mini ludayi biyu a gindin tsamiya, ta ce wai hannunta ne ya goce? Haka za ki bar ni in ƙare?

Ran kasuwa mai zuwa da ƙafa zan zo, ba keke, ba dara. Zan durƙusa a gabanki, ƙawayenki da dillalan shanu su yi dariya su ƙoshi. Amma ba zan iya riƙe maganar har ranar ba. Hadijatu, na yi laifi, na kunyata ki cikin mutane. Don Allah ki yafe mini.

Naki har ƙasa ta rufe idona,
Babaji