Sha Uku Ba Uku Ba Ce

Zuwa ga Allurata, mai kaifin ido da kaifin harshe, ruwan randata bayan doguwar tafiya, inuwata da tsakar rana, ke da in kika yi murmushi titinmu duka yake washewa, in kika harare ni kuma ƙafafuna su manta hanyar maɗaba'a! Gaisuwa mai yawa daga bawan Allahn nan da kika raɗa wa suna Anjima, sunan da ya bi ni har Kakarki ta manta nawa na yanka.

Yau Litinin nake rubuto miki, a kan wani benci a ƙasar mutane, cikina yana kuka, zuciyata tana rawa. Zan fara da dalilin kukan, don na san halinki: in ba ki ji na sha wuya ba, labarin ba zai yi miki daɗi ba.

Kin tuna yammacin da na zo yi miki sallama? Tef a wuyanki, alli a bayan kunnenki, allurai uku a bakinki, ƙyallaye sun cika ƙasan shago. Shekara biyu ina tsallako titi da tambaya ɗaya, shekara biyu kina cewa sai kin gama ɗinkin da ke hannunki. Ɗinkin tela kuwa yaushe ya taɓa ƙarewa? Ranar na gaya miki maɗaba'a za ta tura ni waje na mako guda in koyo sabon inji. Sai kika zare alluran ɗaya bayan ɗaya, kika je lungu kika yaye zanen da ke rufe da keken ɗinkin Innarki, baƙin nan mai zanen furanni ruwan zinari. Kika ɗauko ɗan ƙarfen da ke riƙe zaren ƙasa, ya rabe biyu, kika naɗe min shi a ƙyalle tare da adireshin wani shago a birnin da za ni, inda ake sayar da kayan tsofaffin kekuna. Kika ce ranar da keken Inna ya sake ɗinki, ranar za ki ba ni amsa, amma kin san ni, zan ce anjima. Kaka ta yi dariya har ta ƙware. Ni ma na yi, sai dai na ga yadda kika shafa kan keken kafin ki mayar da zanen. Tun rasuwar Inna ba ki roƙi kowa komai ba sai wannan.

To, bari in tona wa kaina asiri kafin ki tona min. Litinin zuwa Juma'a muna aji daga takwas zuwa shida, wannan ba laifina ba ne. Amma ranar Laraba an sallame mu da rana tsaka. Na je shagon? Ina fa! Na je kallon kogi, na ci na ƙoshi, na koma masauki na miƙe. Me na ce wa kaina? Kin riga kin sani.

Ranar Juma'a da yamma na bi ta ƙofar shagon, an riga an tashi, amma na karanta takardar da ke jikin gilashi. A layin Asabar an rubuta tara zuwa sha uku da lambobi, ɗaya da uku a jere. Da idona na gani, Allura, ni da nake kama wa mutane kuskuren rubutu kafin a buga! Sai ƙwaƙwalwata ta ɗauki ɗayan nan na gaba ta tsinke shi kamar rarar zare, ta bar min ukun. Na ce ashe har ƙarfe uku suke kaiwa, mutanen kirki, Allah ya yi musu albarka.

Asabar na yi barcina har rana ta ɗaga. Na goge riga, na fesa turare kamar wurinki za ni, na taka a hankali ina yaba wa kaina, don ƙarfe biyu saura kwata na isa, wato na zo da wuri da fiye da awa guda. Na so a ce kina nan ki shaida. Na tura ƙofa, ta ƙi. Na ja, ta ƙi. Fitilu a kashe, kujera a kife. Na manna fuskata a gilashi, sai ga su can a wani ɗan faranti, 'yan'uwan ƙarfen da ke aljihuna, jere suna ƙyalli, tsakanina da su bai kai daga teburinki zuwa bakin ƙofa ba. Wayyo ni! Wane irin gari ne wannan da zai nuna wa mutum aurensa a faranti sannan ya kulle ƙofa?

Mai masaukina ne ya warware min, yana danne dariya. Ya ce a nan ba sa komawa ɗaya bayan sha biyu, miƙewa suke da ƙirga har ashirin da huɗu, don haka sha uku ƙarfe ɗaya ce ta rana. Na ce to, gobe. Ya ce gobe Lahadi, ko allura ba a sayarwa. Na ce jibi. Ya nuna min kalanda, Litinin ɗin da jan rubutu, hutu ne na gari duka. Na ce Talata fa? Ya ce Talata shagon zai buɗe tara. Jirgina kuwa takwas na safen Talata zai tashi. Kin ga yadda allura ta tono garma.

Ranar Lahadi, ya hasken idona, na san yunwa da sunanta. A wurinmu ko ranar hutu ce, in ka ƙwanƙwasa wani zai buɗe rabin ƙofa ya tambaye ka me kake so. A nan titi fayau, sai tattabaru da masu yawo da karnuka. Na sami gidan abinci ɗaya da ke buɗewa sha biyu ya rufe biyu, na isa biyu da minti goma, ana ɗora kujeru a kan tebura, mai shara ya ɗaga min tsintsiya alamar a'a. Na biyu ya rubuta sha takwas. Yanzu na yi hankali, na tsaya a titi ina ƙirga da yatsu, sha takwas a cire sha biyu saura shida. Shida daidai na dawo da murnata, sai na ga ƙaramin rubutu a ƙasa da ban lura da shi ba ɗazu: ban da Lahadi. A ƙarshe wani inji ne a tashar jirgin ƙasa ya tausaya min da biskit da tuffa biyu. Ina ci ina kallon ƙofofin nan a jere, kowace da kyau, kowace da tsafta, kowace a rufe, sai na ce lallai garin nan a wurin Allurata ya koyi sana'a.

Shaiɗan bai bar ni ba. Ya ce in ce miki shagon ya tashi. Ya ce in ce an daina yin irin ƙarfen tun kafin a haife mu. Amma wa zai yi wa mace ƙarya, macen da take hango karkataccen ɗinki daga tsallaken titi? Kuma ba dariyarki nake tsoro ba, dariyarki abincina ce. Abin da nake tsoro shi ne ki ƙi yin dariyar. Ki karɓi ƙyallen, ki ce ba komai, ki mayar da shi cikin aljihun keken, ki ja zane ki rufe. Da na hango wannan a raina, sai na ajiye biskit ɗin. Na yanke shawara jirgin Talata ya tafi abinsa, ko da maigidan maɗaba'a zai sallame ni, ba zan dawo hannu rabbana ba.

Yau da safe, ƙarfe bakwai, na je na zauna a dakalin shagon. Na san a rufe yake. Sau uku na je jiya, kuma ba ni da wani wurin zuwa da ya fi min shi. Ina zaune sai na ji ruwa yana ɗiga a kaina. Na ɗaga ido, wata tsohuwa ce a tagar bene tana ba furanninta ruwa, tana kallona irin kallon da Kaka take min in na zo da takalmi mai ƙura. Ashe ita ce mai shagon, a sama take zaune, kwana uku tana ganin wani baƙo yana shafa mata maiƙon goshi a gilashi.

Ta sauko da silifas da tarin makullai. Ba ta jin harshena, ba na jin nata. Na kwance ƙyallen na nuna mata ƙarfen. Sannan na nuna mata hotonki a wayata, kina tsaye kusa da keken Inna. E, na ɗauke ki ba ki sani ba, ki tara wannan cikin laifuffukana. Na dafa ƙirjina. Ta dubi hoton, ta dube ni, ta sake duban hoton, ta girgiza kai, kuma na rantse ke take tausaya wa.

Ta buɗe ƙofa ba ta kunna fitila ba. Ta sa tabarau, ta juya ƙarfen Inna a tafinta, ta zaɓo ɗaya daga farantin, ta mayar, ta zaɓo wani. Ta sa shi a wani tsohon keke da ke gefe, ta taka, sai na ji ƙarar nan da kika ce da ita kike barci kina ƙarama. Idona ya cika, ban ɓoye ba. Na zaro kuɗi na miƙa. Sai ta make min hannu! Ta nuna allon ƙofa, ta nuna jan rubutun kalanda, ta kaɗa yatsa. Na gane: yau ba a ciniki. Na ce shi ke nan, an kai ni bakin rijiya an hana ni guga. Sai ta kama hannun da ta make, ta ɗora ƙarfen a tafina, ta naɗe yatsuna a kansa ɗaya bayan ɗaya. Hutun ya kulle ciniki, amma ba wanda ya kulle kyauta. Kafin in fita ta kamo agogona, ta nuna min ƙarfe ɗaya, ta dungure min goshi. Ki gaya wa Kaka tana da ƙanwa a nan.

Tun da na dawo bencin nan nake juya abin da tsohuwar ta yi. Ni da na taho da niyyar sayen amsarki da ɗan ƙarfe, kamar zuciyarki kaya ce a faranti! Shi ya sa ban riƙe shi a aljihu don in ja miki rai ba, ko da yake na so, Allah ya sani na so. Ki girgiza ambulan ɗin nan, yana ciki, a naɗe cikin ƙyallenki. Naki ne, ko amsar me ce ce. Keken Inna ya yi ɗinki, ki ji ƙararsa, wannan kaɗai ya biya ni biskit da tuffa.

Amma kada ki ɗauka yunwar kwana biyu ta raba Anjima da wayo. Gobe zan sauka, jibi Laraba da sassafe zan zura wasiƙar nan ta ratar ƙasan ƙofarki, wadda kafinta ya yi wata shida yana cewa zai gyara. Kin san allon nan da ke rataye a ƙofar, wanda ni na buga miki da hannuna, gefe ɗaya A BUƊE, ɗaya gefen A RUFE? To, ga sharaɗina. In amsarki e ce, ki juya shi zuwa A BUƊE. In a'a ce, ki bar shi yadda ya kwana. Sai dai ki tuna Laraba ce ranar da masu karɓar ɗinki suke yin layi, kuma Kaka za ta so jin dalilin da ya sa jikarta ta rufe shago ba hutu ba rashin lafiya. Ya kika gani? Wa ya ce tafiya ba ta ƙara ilimi?

Wasa nake, amma ba duka ba. In da gaske a'a ce, ki saki labulen taga kawai, zan gane. Zan koma wurin injina, kuma washegari ma zan gaishe ki kamar kullum, ba za ki ga canji a fuskata ba ko da cikina yana ƙuna. In kuwa e ce, ya ke sanyin safiyata, na yi miki alkawari a gidana ba rabin yini ranar Asabar, ba ƙaramin rubutu a ƙasa, ba ranar da aka ja da jan biro. Duk lokacin da kika ƙwanƙwasa za ki same ni, ko kina fushi, ko kin tsufa kina neman wanda zai zura miki zare a allura. An ce allura da zare ba ta ɓata. Ki bar ni in zama zaren, ko na ƙasa ne da ba a gani.

Tara kike buɗewa. Yanzu da kika iso wannan layin, ɗaga kanki ki dubi tsallaken titi. Wancan mai gogaggiyar riga a ƙarƙashin rumfar maɗaba'a, wanda ya rame kaɗan, tun bakwai yake tsaye a wurin yana kallon allonki. Ki yi min kowane irin horo kika ga dama, amma don girman Allah kada ki ce min anjima. Na san abin da kalmar nan take yi wa mutum.

Naki daga ɗaya har ashirin da huɗu, Asabar da Lahadi da ranar hutu,
Wanda ya zo da wuri.