Ƙarshen Labarin Hassu Yana Wurinki

Zuwa ga aminiyata Rabi'atu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Inna da Baba da ƙannenki. Mu ma nan Daudawa lafiya lau, har an fara cirar auduga. Lambar da kika bar mini ta daina shiga, shi ya sa na roƙi Yaya Sani ya sa wannan wasiƙa a shafinsa na intanet, ko Allah zai sa wanda ya san inda kuka sauka a Zariya ya karanta miki. Kin san ni da kunyar idon jama'a, amma ban ga wata hanya ba.

Kin tuna ranar da muke ɓarar gyaɗa a tsakar gidanku, aka sa hira da wata marubuciya a rediyon Baba? Ta ce a bakin murhu take rubutu, kuma labarinta na farko da hannunta ta yaga shi don bai yi ba. Kafin ranar na ɗauka marubuta ba su hura wuta. Kika dube ni kika ce, "To ke mi ya hana ki?"

Daga nan na fara labarin Hassu. In muna dawowa daga makaranta sai ki tsinci totuwar masara ki kara mini a baki, ke ce 'yar jarida, ni ce Hassu. Ni da Malama take fama da ni in ɗaga murya a aji, da na zama Hassu sai bakina ya buɗe.

Wata rana kika tambayi abin da Hassu ta ci da safe, na ce ban sani ba. Kika ce, "Yarinyar da ba ki san kalacinta ba, ita za ki sa a yi ma kuka?" Na ji haushi sosai. Amma kafin mu kai gida na gano ɗumame take so da man shanu, kuma tana tsoron agwagwa. Da na karanta wa 'yan ajinmu, agwagwar nan ce ta shiga ransu. Har yau suna tare ni su ce in tambayar musu Hassu kaza da kaza, kamar wata maƙwabciyarsu.

Yanzu Malama ta ce ni zan karanta labarin a taron ƙarshen zango, a gaban iyaye. Na amsa mata. Sai dai labarin ya tsaya a inda rashin tsaro ya sa zama ya gagari su Hassu a gefen gari, aka ɗora kayansu a mota. Na gwada yin hirar ni kaɗai a bayan ɗaki, na riƙe totuwa, na yi tambaya, Hassu ta yi shiru. Duk abin da na rubuta sai ya fito irin na mai tsayuwa a bakin hanya tana ɗaga hannu, domin a nan na tsaya ranar da kuka tashi. Ke ce kika zauna a kan katifa a bayan motar.

Saboda haka yau mu yi musaya, Rabi. Ni zan riƙe totuwar, ke ki zama Hassu.

Da motar ta zo wucewa ta gaban makaranta, kin waiwaya ko kin ja mayafi kin rufe fuska? Da kika farka a sabon ɗaki, me kika fara lalube? Wa yake kiranki da sunan tsokana a can? Kuma in Hassu ta daina neman ƙawarta, mantuwa ce, ko kuwa abin ne ya yi nauyin faɗa?

Ba zan ƙirƙiro amsar da ba tawa ba. In taki ta iso, da ita zan rufe labarin, in ambaci sunanki. In ba ta iso ba, zan miƙe duk da haka, in karanta har zuwa inda motar ta tashi, sannan in karanta tambayoyin nan da ƙarfi yadda na bayan layi za su ji. Wataƙila a cikin iyayen akwai wadda 'yarta ta hau irin motar.

Allah ya tsare ku a inda kuke, ya kawo wa ƙasarmu zaman lafiya, ya sa in sake jin muryarki kina yi mini tambayar da ba ni da amsarta. Ki gaida Inna, ki ce mata ɗiyarta mai shiru ta kusa yin magana a gaban taro.

Totuwar tana cikin jakata.

Taki har kullum,
Maryama