Ba Tumaki Ba Ne

Saritas, Kazakistan, ƙarshen kaka, 1988

Zuwa ga 'yata Ulbolsin,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara, musamman jikata Kamshat, da nake kira 'yar raƙumata. Ni dai ƙafafu ne, sai tarin nan. Direban motar madara ya kawo saƙonki, shi zai kawo miki wannan, don a gidan waya buɗewa suke yi.

A shekarar da kika fara hawan doki ke kaɗai ne sojoji suka kwashe mu a manyan motoci, wai za su yi atisaye. Muna can daji muka ga haske kamar rana ta biyu ta fito a sama. Da muka dawo, karnukan da muka bari duk gashinsu ya zube. Sauran kin sani: a ce a kashe murhu a fita waje, ƙasa ta girgiza, a dawo a share fasassun gilasai. Har yau ba jaridar da ta ce bam ne.

Da mutane suka fara ciwo suna mutuwa, likitoci suka zo suka ɗebi jininmu, ba su ba mu ko ƙwaya ba. Suka ce ciwon tumaki ne muke ɗauka. Muka yarda, ai sun yi karatu. Muka yanka tumakin gida muka ƙone, har wadda mahaifiyarki Balziya ke ba gishiri a tafin hannu. Mutuwa ba ta tsaya ba. Abokina Sagindik ya riƙa tsokanata: "Kai tsohon banza, tumaki sun ƙare, yanzu wa za su ɗora wa, kaji?" Shi ma ya tafi, wuyansa a kumbure kamar na Balziya.

Yanzu kin ce idan dangin yaron da ke neman Kamshat suka tambaye ni abin da ya kashe mutanen gidanmu, in ce ciwon tumaki ne, kamar yadda aka rubuta a asibiti. 'Yata, ni ban yi makaranta ba, wannan rubutun ma a soja na tsinto shi. Abin da na iya shi ne jero kakanninmu bakwai, inda aka binne kowanne, da abin da ya kashe shi. Don haka ake zaunar da ni a saman shimfiɗa. Yaya zan yi in zo kan Balziya, da ƙanenki Nurlibek da aka haifa da nakasa, ya rayu bai taɓa taka ƙasa ba, in sa ƙarya?

Na san suna iya fasawa. Na san Kamshat tana son yaron. Shugaban gonar gwamnati ma ya sake kirana, ya ce in kama bakina. Na gaji, wallahi. Da zan iya yin shiru in huta, da na yi.

Amma idan aka zauna aka ci hanta da kitsen wutsiya a akushi ɗaya, gida biyu sun ƙullu, ba komawa. In ta haifi irin Nurlibek, ita za su zaga, su ce ta ɓoye. Gara su ji yanzu, daga bakina.

Ki gaya mata da kanki, kada ta ji a waje. In za ta yi fushi, ta yi da ni.

Gobe da safe zan ɗaura wa goɗiya sirdi in nufi tashar jirgin ƙasa. Zan sami uban yaron a gidansa, in faɗa masa komai kafin ya zuba mini shayi na biyu.

Allah ya yi muku albarka.

Mahaifinki,
Jumagali