Kwamfutarku Ce Ta Ruɓar Da Namana

Zuwa ga Manjo mai kula da sayayyar kayan kantunan sojoji na arewa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwar da ta dace da muƙaminka, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Fatan nan da gaske nake yi, domin ina so ka karanta takardar nan idonka garau har ƙarshe.

Sunana Garba Dogo, mahauci a kasuwar Bawku. Idan sunan ya kwanta maka, ni ne wanda sojojinka suka ɗora wa ruɓaɓɓiyar cinyar sa a ka bayan ƙaramar Sallah, suka tasa ni gaba daga ƙofar bariki har tsakiyar kasuwa, wani kofur yana kaɗa gwangwani yana shelar ga mai sayar wa soja mushe. Ruwan naman yana bin fuskata har cikin bakina. Matata tana rumfar albasa, ta ga komai. Tun daga ranar, ko gidan liman sun daina aikowa wurina. Da kunnena na ji wata mata tana jan ƙawarta tana cewa, "Kar ki saye wurin shi, naman shi ya kwantar da soja." Na zo ofishinka, aka ce kana Tamale. Tunda a bainar jama'a aka ci mutuncina, a bainar jama'a zan yi magana.

Na ɗaya. Sa ɗin nan lafiyayye ne. A gaban Sarkin Fawa aka yanka shi, likitan dabbobi ya duba ya buga hatiminsa. Sajan mai kula da kantin ya karɓi naman da ɗuminsa, ya latsa, ya shinshina, ya sa a firiza. Tun zamanin mahaifina muke kai nama barikin nan, ba a taɓa dawo mana da ko ƙashi ba.

Na biyu. Abin da ya canza shi ne kwamfutar da ka sayo wa kantin. Aka ware mata ɗaki, aka shimfiɗa mata darduma, aka sa mata na'urar sanyaya ɗaki, abin da ko ɗakin haihuwa na bariki bai samu ba. Janaretan kantin kuwa ba ya iya ɗaukar sanyin ɗakin da firiza a lokaci guda. Sai ka ba da umarni a riƙa kashe firiza da rana, a zafin Bawku! Ni da kaina na tarar da ita shiru, ruwa ya kwanta a ƙarƙashinta. Da na yi magana, sajan ya ɗaga kafaɗa ya ce da Hausarsa ta bariki, yana nufin kai, "Masa ya ce mashin yana so sanyi, nama zai iya jira." Haka naman ya yi ta narkewa yana daskarewa har ranar liyafar hafsoshi. Da cikinsu ya ɓaci, ba wanda ya waiwayi ɗakin darduma, sai aka aiko mota a ɗauko mahauci.

Na uku. Mu mahauta muna da 'yan'uwa a kowane gari, kuma ta ƙofar baya muke shiga, muna ganin abin da baƙi ba sa gani. Ƙanena da ke fawa a Yendi ya ce tasu kwamfutar tana nan cikin kwalinta, domin da fitilar kananzir ake ciniki a kantin. A Salaga kuwa kwalin ya zama teburin shan shayi. Ta Bawku kaɗai ke numfashi, ita ma sai wani mutum ya taso da mota tun daga kudu ya hure mata ƙura, kantin ya biya mai, ya biya masauki. Takardarta ma in ta ƙare, sai an aika kudu. Duk wannan kuɗin a kan sukari da madara da sabulu ake ɗora shi. Kantin da aka buɗe don ƙaramin soja ya samu sauƙi, yau matansu sun gudo kasuwa suna ciniki tare da mu.

Na huɗu. Ranka ya daɗe, wa ya ce yana bukatar injinan nan? Wa ya taka zuwa Salaga da Yendi ya duba ko akwai wuta kafin a sa hannu? An tambayi wani ɗan kasuwar farashinsa, ko kuwa mutum ɗaya aka kira? Ina tambaya ne domin na san fuskar wanda ya sayar muku. Ni na feɗe ragon da aka gasa masa a tsakar gidanka, yana kiran uwargidanka yaya.

Ba zan yi maka ƙarya ba, ban yafe ba, kuma ba na neman wanda zai ba ni haƙuri. Duk lokacin da na sa hula, sai na ji nauyin cinyar nan a kaina. Na aika kwafin takardar nan ga masu binciken kuɗin soja, kuma duk ranar da suka iso Bawku za su same ni a ƙofar bariki, ni zan nuna musu inda ruwan firiza ya ci siminti.

Ga abin da nake nema. A buɗe kwalayen Yendi da Salaga a gaban masu bincike, a faɗa wa matan sojoji nawa aka kashe. Daga yau kada mutum ɗaya ya sake zaɓar kaya, ya zaɓi mai sayarwa, ya kuma shaidi kansa. Sannan kai, da kakinka, ka zo kasuwa inda aka tsayar da ni, kofur ɗin nan ya sake kaɗa gwangwaninsa, ka faɗa da bakinka cewa naman Garba lafiyayye ne. Ka sayi tsire a teburina, ka ci a tsaye mutane suna kallo.

Kafin nan, ka sani Sarakunan Fawa na Bawku da Yendi da Salaga sun gama magana: babu mahaucin da zai sake kai ko ƙafar akuya kantunanku. Allah ya ja kwananka, ya bar maka hankalinka, ya nuna maka ranar da za a yi maka tambayoyin nan kana tsaye, babu kujera.

Layya ta kusa, kuma na ga ƙaton farin ragon da aka ɗaure a ƙofar gidanka. Limamin bariki zai yanka maka, wannan hakkin addini ne. Amma fiɗa tamu ce, kuma babu wuƙar da za ta fita daga kube dominka. Ka ja shi zuwa ɗakin darduma, ka kunna wa kwamfutarka sanyi, ta feɗe maka.

Wassalam.

Garba Dogo,
Layin mahauta, kasuwar Bawku.