Baba Ya Yarda Hadiza Ta Tafi

Yaya Asabe,

Assalamu alaikum. Ina gajiya? Ya jikin maigidan, ya yara da zafin Kuseri? Mu a Garwa lafiya lau.

Hankalina ya kwanta kan tafiyar 'yata Hadiza Yawunde karatun wata sabuwar irin kwamfuta da ake kira kwantum. Sati biyu Baba yana hanawa, don wani ya ce masa duba na'urar take yi, tana faɗin gaibu. Ga kuma lokacin rufe rajista ya matso.

Ran Juma'a Hadiza ta durƙusa gabansa ta ce, "Kaka, lissafi kawai na'urar take yi da ƙwayoyin zarra. Sau da yawa ma, kafin a auna ƙwayar, babu masanin da ya san abin da za ta nuna, sai ƙiyasi."

Ya ce, "Har Turawan?"

Ta ce, "Har su."

Sai ya ce, "Ashe sun san iyakarsu. Je ki, Allah ya yi miki albarka."

Wallahi Yaya, sai da na fita na share hawaye. Jibi zan raka ta Ngawundere ta hau jirgin ƙasa.

Ki sa ta a addu'a. A gaida kowa da kowa.

Ƙaninki,
Sani