Farin Zakaran da Zanena Ya Rina

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Alƙalan Gasar Kaji na baje kolin kiwo, Agadas.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwar girmamawa, ina yi maka barka da gajiyar taro, da sannu da haƙurin wannan rashin ruwa da Allah ya jarrabe mu da shi. Ni ce Hadiza mai saida ƙwai a tsohon gari, matar da aka kora daga fili da zakara shuɗi a hannu.

Na ɗaya. Ban zo da raini ba, ranka ya daɗe. Da aka yi shela cewa gwamnatin soja za ta ɗauki cimar duk kazar da ta ci gasa har damina ta faɗi, don kada iri ya ƙare a ƙasa, dariya na yi. Amma da na shiga filin nan sai jikina ya yi sanyi. A shekarar da raƙumi ke faɗuwa ya kasa tashi, ga kaji jere cikin keji kamar amare. Na ga baƙin zakara wanda in rana ta taɓa shi sai kore ya taso a wuyansa. Na ga wake-wake mai ɗigo daidai wa daida, sai ka ce da alƙalami aka zauna aka ɗiɗɗiga. Ga mai kalar shirwa, ga fingi mai gashi a birkice, ga ja kamar garwashi. Sannan na ji kuna bayani: fari ya zama fari tas ba rawaya, baƙi kada a sami gashi ɗaya da ya saɓa. Tun ina yarinya nake cikin kaji, ban taɓa sanin mutane sun zauna sun yi wa gashin kaza doka ba. Tasbihi kawai nake yi.

Na biyu. Zakarana fari ne. Shi kaɗai ya rage mini daga irin da na gada wurin uwata, sauran kuwa yunwa da ciwo sun kwashe su. Tsakin da ake ba mu na taimako, da shi nake rabawa. In ya hau katanga da hantsi ya buɗe fukafukai, maƙwabta kan tsaya da tulu a ka suna kallo. Ni da na ƙyanƙyashe shi a ƙarƙashin gadona, har yau in na dube shi sai in ji tsoron Mai halitta.

Na uku, nan ne kukana. Mu a nan, abin da kake ji da shi ba ka fita da shi tsirara cikin rana. Jariri ma a zanen turkuɗi, wanda ya sha shuni, ake naɗe shi ranar suna. To sai na buɗe adaka na ciro turkuɗina na aure, wanda ban ɗaura ba tun rasuwar maigida, na naɗe zakaran na rungume shi har fili. Ga rana, ga zufa, ga layi mai tsawo. Kowa ya san shuni ba ya zama a zane, fatar mai shi yake bi. Da na kwance, bayansa da fukafukansa sun yi shuɗi. Mataimakinka ya shafa, ya dubi yatsansa, ya ce na yi rini don in ɓoye rawaya. A gaban mutanen da ke sayen ƙwaina ya kira ni mai ha'inci. Ya yi maganar da faransanci, amma ai an fassara mini. Haba, ranka ya daɗe! Mai son ɓoye aibin farin zakara, da shuni za ta fara? Ko alli babu ne a kasuwa?

Na huɗu. An ce in je in wanke shi. Na wanke, da ruwan shanmu na wunin nan, muka kwana da ƙishi ni da jikata. Shunin bai fita ba, bazuwa ya yi, zakara ya koma kalar sama bayan sallar asuba. Yanzu mutane har daga bakin kasuwar raƙuma suke zuwa ƙofata kallo, suna salati. Wallahi ni ma ban taɓa ganin kyau irin wannan ba. Sai dai kallo ba ya cika masa ciki. Tsakin ya kusa ƙarewa, kuma ba zan ƙara rage kwanon yarinya saboda tsuntsu ba.

Roƙona biyu ne. Ka wanke sunana a inda aka ɓata shi. Sannan ka zo da kanka, ko ka aiko wanda ka yarda da idonsa, ya ɗaga fiffiken hagu. Sabon gashi ya fara tsirowa a wurin, fari kamar nonon da aka tatso yanzu, babu zanen da ya taɓa shi. A auna shi da dokarku, in ya faɗi na yarda.

Amma a zo da wuri. Ranar da ƙwaryar tsaki ta ƙare zan kai shi wa malamin unguwa ya yanka, kuma ni ce zan fige shi da hannuna. A ranar zan ga duk farin nan da ke ƙarƙashin shunin, ni kaɗai, ba alƙali a kusa.

Allah ya ƙara maka girma da adalci, ya kare iyalinka, ya saukar mana da ruwa mai albarka.

Wassalam.

Hadiza mai ƙwai,
tsohon gari, Agadas.