Za a Liƙa Iya a Kan Dutse

Yaya Falmata,

Assalamu alaikum. Ina gajiya? Yaya Alhaji da yara, yaya ruwan Fatakwal? Mu nan Moduganari lafiya lau, sai takaicin da ya sa na ɗauki biro.

Yagana, 'yar marigayi Modu, ta ce a kan dutse za a yi bikinta, can Jos. Wai Maiduguri shimfiɗe take kamar tabarma, ba ta kyau a hoto. Ta ɗauko mai hoto daga Abuja, wani mai matsattsen wando, ya zo yana tsara mu: kowa ta ɗaura lafaya ruwan toka, ban da baƙin lalle, wai yana ɓata kala.

Na ce masa, "Tsohuwarmu fa? Iya ko dokin ƙofa da ƙyar take tsallakewa." Ko kunya babu, ya ce, "Hajiya, ba matsala. Zan ɗauke ta a gida, in liƙa ta da kwamfuta." Yagana har da gyaɗa kai! Matar da ta goya ta tun rasuwar uwarta, ita za a manna kamar kan sarki a ambulan.

Na mayar musu da lafayarsu. Ranar bikin ina gefen Iya. In ya ga dama ya liƙa mu mu biyu.

Ki gaida kowa. Ki kira yarinyar nan, ƙila ke ta ji maganarki, kuma ki sa mu a addu'a. Iya ba ta sani ba tukuna. Jiya ma turara lafayarta ta biki take yi.

Ƙanwarki,
Bintu